Katakan Gadon Hajara

Na daɗe ina kewaye wannan shekara ban rubuta ta ba, shekarar da mahaifiyarku Hajara ta kwanta ciwo. Sulaiman, kai ne babba, kuma kai ka fi kowa haƙƙin jin abin da ke nan. Maryam, ke a gabanki aka yi yawancinsa, amma akwai abin da ke ma ba ki sani ba. Magana ce a kan gadon katako na ɗakin Innarku, da dalilin da ya sa na ƙi ɗora ta a kan gadon ƙarfe da Sulaiman ya aiko mata.

Gadon nan mahaifinta ne ya sa aka yi mata lokacin aurenmu. Shi mai sayar da yadi ne a cikin gari, ni kuwa yaro ne da ya tashi bayan shanu a wajen Zungur, ya gama firamare da ƙyar, ya koyi tuƙin babbar mota. A rugarmu gadon kara muka sani, ban taɓa hawa gadon kafinta ba sai a ɗakinta. Jikinsa maɗaci ne, an sassaƙa masa furanni a wajen kai da kuma jikin dogayen katakan gefe guda biyu. Daga ciki kowane gefe yana da siririn katako da aka buga masa, shi ne madogari. A kan madogaran nan ake jera gajerun katakai a gicciye, sannan a ɗora katifa. Ba a kafe su da ƙusa, ajiye su kawai ake yi, nauyin katifa da na mutum ya danne su. Mun yi ta yawo da shi daga gidan haya zuwa gidan haya har Allah ya ba mu namu a Gwallameji. Katifu sun mutu an sauya, shi ko ƙara bai taɓa yi ba.

Ciwon ya fara ne da haki. In ta share tsakar gida sai ta nemi wuri ta zauna. Daga baya ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce zuciya ce, ya ce magani zai riƙe ta amma ba zai mayar da ita yadda take ba. Kafin damina ta yi nisa ta daina fitowa sai da dalili. Na kwaso tabarmata daga ɗakina na dawo nata, abin da wasu dangina suka yi ta magana a kai, ban kula su ba. Maryam tana zuwa kullum a keke daga Shadawanka, ta yi mata wanka, ta dafa abin da likita ya yarda da shi, ta koma kafin magariba. Ɗakin kuwa bai rabu da mutane ba. Kun san Innarku, ba sunan da ba ta je ba, ba gawar mace a unguwar da ba ta taya wankewa ba. Sai mata suka riƙa zuwa dubiya ƙungiya ƙungiya, daga makarantar Islamiyyarsu, daga cikin gari, har daga Zungur. Kowacce ta shigo sai Hajara ta bubbuga gefen katifa ta ce, zauna nan. A wurin ake tsince mata zogale tana kallo, a wurin ake ba ta labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji, jikoki su hau su sauka. In ɗakin ya cika, hakin ma kamar raguwa yake yi.

A cikin wannan hali gadon ya fara magana. Da fari ƙara ce kawai in ta juya. Sai wata safiya na ji wani abu ya faɗi a ƙarƙashi, na leƙa na ga katako ɗaya a ƙasa. Na mayar da shi. Kwana kaɗan ya sake faɗowa, ya jawo na kusa da shi. Na ce tsufa ne, bakinsu ya cinye. Na ɗauki ɗaya na kai wa wani kafinta a bakin titi, Malam Ɗanjuma, na ce ya yanko min sababbi daidai tsawon wannan. Abin da na ce shi ya yi, ya yanko na itacen malaina masu kyau. Muka jera, gadon ya yi shiru, na ce an gama. Ba a yi mako ba na tsakiyar suka sake zubowa. Sai na zargi gara, na bi ƙafafun gadon da jikin bango da tocila, ban ga ko hanyarta ba. Na zargi daɓen ɗakin, na ce ko ƙafa ɗaya ce ba ta taka ƙasa sosai, na cusa mata kwali. Da abin ya ishe ni na ɗauko guduma na kafe katakan da ƙusa a jikin madogari. Wannan shi ya fi komai muni. Madogarin tsohon itace ne, ya bushe, ƙusa ta tsaga shi, kuma duk motsin da ta yi sai ƙusoshin su riƙa kuka kamar ɓera ya shiga tarko. Ta ce in cire mata su ko ta samu barci. Na cire. Na jera bulo a ƙarƙashin tsakiyar gadon, sai katifar ta yi tozo, bayanta ya ƙage. Na kwashe bulon. Maryam ta ce a sauke katifar ƙasa kawai, muka gwada na yini ɗaya, amma in ta kwanta a ƙasa mu biyu ba ma iya tayar da ita sai ta yi haki kamar ranta zai fita.

Ranar da ta faɗi, bayan la'asar ne. Matan Islamiyya sun zo sun tafi, ina tsakar gida ina zuba wa tumaki dusa. Na ji ƙarar katako, sannan na ji ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Na tarar katifar ta lotsa ta tsakiya, ita kuma ta zurma ciki, ƙugunta ya bugi katakon gefe, ƙafafunta a sama, ta kasa numfashi. Da taimakon Maryam muka fito da ita. Ba ta karye ba, amma wurin ya yi baƙi ya daɗe bai washe ba. Maryam tana kuka ta fita waje ta kira yayanta a Abuja. Ban ga laifinta ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan.

Sulaiman, ba ka ɓata lokaci ba. Cikin 'yan kwanaki motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da gadon asibiti sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba. Yana da shinge a gefe biyu, yana da mariƙi da ake juyawa wajen kai ya ɗaga, abin da likita ya ce tana bukata saboda numfashi. Waɗanda suka kawo shi suka haɗa shi a falo, don sai an fitar da na katakon zai shiga ɗakinta. Maƙwabta suka shigo kallo, kowa yana sa maka albarka. Ni ma na sa. Na ji nauyi ya sauka daga kaina.

Da mutane suka watse Innarku ta ce in tura ƙofa.

"Malam, ka ga gadon?"

"Na gani, Innar Maryam. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

"Amin. Irinsa ne Hajiyarmu ta cika a kai a asibiti." Mahaifiyarta take nufi. Ta ɗan huta, don magana mai tsawo tana yi mata wuya. "Ka tuna yadda muke zuwa gaishe ta? A tsaye. Mu jeru mu riƙe ƙarfe muna leƙa ta kamar masu leƙen rijiya. Ba wurin da mutum zai zauna. Ba a daɗewa, ƙafa ta gaji a tafi."

Na ce ai za a sa kujeru.

"Kujera ta baƙo ce. Malam, a nan ni matar gida ce da ta kishingiɗa. In na hau wancan na zama mara lafiya."

"To ki faɗa masa. Ga waya."

Ta dube ni kamar na ce ta fita titi ba mayafi.

"Ni? In buɗe baki in ce wa yaron nan na ƙi abin da ya aiko min? Da wane ido?"

Dole in tsaya nan in yi bayani, saboda jikokina da za su karanta wannan ba su tashi cikin irin kunyarmu ba. Sulaiman ɗan fari ne. Innarku ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Yana ƙarami, yaron nan take cewa, da ya tafi aiki ya zama mutumin Abuja. Ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yaba shi a gaban mutane, in za ta ba shi nama sai ta ba Maryam ta kai masa. In ya zo gaishe ta, bango take yi wa magana shi kuma ya amsa. Ita 'yar birni ce, amma a wannan ta fi matan rugarmu tsanani. Wanda bai sani ba zai ce ba ta damu da shi ba. Ni da nake kwana a ɗakin na san duk ranar da ya kama hanya ba ta cin abinci sai an ce ya sauka. Mace irin wannan ba za ta iya godiya a gabansa ba, balle ta mayar masa da kyauta.

"Kai ka ce ba ka so," in ji ta. "Kai an san ka da taurin kai, ba wanda zai yi mamaki. Kuma kada ka ce ni na sa ka."

"In kika sake faɗuwa fa?"

"Ka gyara shi mana. Mota ma ka gyara a daji."

Na kira ka a ranar, Sulaiman, ina tsaye a ƙofar gida. Na tuna maganar kusan kalma da kalma, na san kai ma ka tuna. Na yi maka godiya, sannan na ce gadon zai tsaya a falo tukuna.

"Baffa, ban gane ba. Bai yi ba ne?"

"Ya yi. Amma na ɗakin ma gyaruwa zai yi."

"Gadon da ya kayar da ita? Baffa, likita ne ya ce a ɗaga mata kai. Ba ado na saya ba."

"Na sani. Za a sa matasai."

 Sannan ka ce, cikin ladabi, don ba ka taɓa ɗaga min murya ba:

"Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In ta sake faɗuwa zan zo in ɗauke ta in kawo ta nan."

Na ce na ji. Kuma na san za ka aikata, na san kuma in aka ɗauke ta daga ɗakin nan zuwa garin da ba ta san kowa ba, ba za ta daɗe ba. Ga shi ban san abin da ke damun gadon ba. Kafin in gano, na ɗaure katakan da igiya, na hana kowa zama sai a tabarma na ce gyara ake yi, abin da ya sa ta yini ba ta yi min magana ba.

Wata safiya na ce yau sai na ga abin da idona. Na kwashe kwalla da akwatunan da ke ƙarƙashi, na ɗauki tocila, na kwanta rigingine na ja jiki na shige, ita tana sama. Na ce ta juya hagu, ta juya. Na ce ta juya dama. Katakan suka ɗan lanƙwasa suka koma, ba wanda ya motsa daga madogarinsa. Ina nan kwance ina tunani sai na ji sallama. Ƙanwarta ce Ladi, wadda kuke kira Yafendo, daga cikin gari. Kun san Allah ya yi mata jiki. Ba ta san da dokar tabarma ba, ba ta kuma ga ƙafafuna ba don suna ta wajen bango. Ta zo ta zauna daram a gefen gadon, daidai tsakiya, inda kowa ke zama. A gaban idona dogon katakon gefen ya buɗe waje kamar bakin jaka, madogarin ya janye, bakin katakan tsakiya ya zame har saura ƙiris. Na saki tocila na tallafe su da hannu biyu.

"Ladi, tashi."

Ta zabura ta yi salati, ta duƙa ta leƙo.

"Yau na ga abin mamaki. Bafillace, nagge ce ta ɓace maka kake nema a ƙarƙashin gadon yayata?"

"Na samo ta. Yanzu ta tashi daga kai."

Hajara ta yi dariya har sai da tari ya kama ta, Ladi tana shafa mata baya tana zagina. Rabon da in ji wannan dariya tun kafin azumi.

Na fito na kwance igiyar ɗaure tunkiya na gwada faɗin gadon daga ciki. Wajen kai da wajen ƙafa daidai suke. Tsakiya ta fi su faɗi da kusan yatsu biyu, ko ba kowa a kai. Ashe katakan ba su da laifi, tsofaffin ma da na cire lafiyarsu ƙalau. Gadon an yi shi ne don a kwanta a tsakiyarsa, nauyi ya bazu. Tun da ta kwanta ciwo kuwa, wuri ɗaya ake zama, daga safe har yamma, wata ta tashi wata ta zauna, ga laimar damina ta sa itacen ya yi taushi. Masu ƙaunarta ne suka buɗe shi, kaɗan kaɗan.

Na yi musu bayani. Na ce hanya biyu ce. Ko a daina zama a gefen har abada, in sa a yanko katakai masu ɗan tsawo, ko kuma a yi masa abin da muke yi wa bodin babbar mota don kada kaya su buɗe shi, wato a huda gefen biyu a ratsa rodi a ɗaure da noti ta waje. Amma hudar za ta faɗa daidai kan babban furen da ke tsakiya, kuma kan notin zai fito fili, ba yadda za a ɓoye shi.

Ladi ta ce, "A'a. Aikin da Baba ya tsaya a kai da kansa? Ni zan riƙa zama a ƙasa, kowa ma ya zauna a ƙasa."

Hajara ta sauke hannu ta shafa furen. Ta daɗe tana shafawa.

"A huda," ta ce.

"Yaya, shi ke nan fa abin da ya rage miki na hannunsa."

"Baba bai yi shi don a tsaya ana kallo ba. Ke kuma in kika zauna a ƙasa wa zai tayar da ke?"

Na je wajen mai walda ya yanko min rodi, ya yi masa hanyar noti a baki biyu, ya haɗa min da faifan ƙarfe don kada notin ya nutse cikin itace. Malam Ɗanjuma ya zo da kayan aikinsa. Sai dai aikin ba ya yiwuwa tana kai, kuma ba za ta iya zaman kujera na tsawon safiya ba. Ba inda za a kwantar da ita sai kan gadon ƙarfe a falo. Sulaiman, wannan ne abin da na fi so ka sani. Mun ɗora ta a kan gadonka. Maryam ta juya mariƙin, kan gadon ya ɗaga a hankali, na ga kafaɗunta sun sauka, na ga ta ja numfashi har ƙasa, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba. Ta lumshe ido. Barci ya ɗauke ta duk da ƙarar huda da guduma daga ɗaki. Da ta farka Maryam ta shiga kicin, ni kaɗai ne a wurin.

"Gaskiya yaron nan ya iya zaɓe," ta ce. "Tun yana ƙarami in aka aike shi kasuwa ba ya sayo ruɓaɓɓe."

Na ce, "To ki zauna a kai mana. Ba wanda zai ce komai. Ni ma hankalina zai fi kwanciya."

Ta kama shingen ƙarfen ta ɗan girgiza shi, ta dubi ƙofar ɗakinta.

"Kun gama?"

Mun gama. Mun ratsa rodin, ina ɗaure notin da sifana kaɗan kaɗan, Malam Ɗanjuma yana gwadawa da igiya har tsakiya ta dawo daidai da kai da ƙafa. Ya sauya madogarin da na tsaga da mai kauri, ya sa wani dogon katako a ƙarƙashin tsakiya mai ƙafa ɗaya da ke taka ƙasa, ya buga 'yan guntaye tsakanin katakan don kada su matso juna. Ya kuma yi mata allon jingina da muke tarawa matasai a kai. Kafin a dawo da ita na sa Ladi ta zauna a gefen, na ce ta yi rawa in tana so. Ta ce ba ta rawa a gaban makiyayi. Gadon ko motsi bai yi ba. Daga ranar katako bai sake faɗuwa ba.

Ba zan ce muku allon jinginan ya kai gadon ƙarfe ba. Bai kai ba. Matasan suna zamewa, sai na tashi na gyara, wani lokaci in zauna a bayanta ta jingina da ƙirjina har numfashin ya daidaita. Na sha tambayar kaina ko da na ƙi jin maganarta, da ta samu sauƙin da ya fi haka, ko ma ta ƙara kwanaki. Kwana na Allah ne, na sani. Amma sauƙi an ba mu ikon nema, kuma ni na ga sauƙin da idona a falo na mayar da ita ɗaki. Wannan yana nan a zuciyata, ban kuma ce wani ya ɗauke min ba. Abin da zan iya shaida shi ne ɗakin ya sake cika. An yi kitso a gefen gadon nan, an yi sulhun wata ƙawarta da surukarta, an kawo jaririyar da Maryam ta haifa a tsakanin nan aka kwantar a jikinta.

Ka zo bayan an fara girbi, Sulaiman. Ka shigo falo ka ga gadonka an lulluɓe shi da zani, an ɗora kwandon wanki a kai. Ka gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ka tambayi tumaki, ka tambayi ciwon gwiwata, ba ka ce komai a kan gadon ba, kuma ba ka ɗago ka dube ni ba. Da ka shiga wajenta ka zauna a bakin ƙofa. Ta juya fuska wajen bango.

"Mutumin Abuja ya rame. Ba a ba shi abinci ne?"

"Ana ba ni, Inna."

"A ce masa ya rage tafiyar dare."

"To, Inna."

Idonka yana kan notin da ya fito a tsakiyar furen. Na ga abin da kake gani, tsoho mai taurin kai ya huda gadon matarsa da ƙarfen mota don kada a ce ɗansa ya fi shi dabara. Na so in ja ka waje in faɗa maka. Ta riga ta hana ni.

Ta cika da hantsi, wata ranar Laraba, a kan gadonta. Ladi tana zaune wajen ƙafafunta, Maryam tana riƙe da hannunta, wata maƙwabciya tana karanta mata Yasin, ni ina bayanta. Ba ta sha wuya sosai ba a ƙarshen. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya haɗa mu a inda babu ciwo.

Bayan addu'ar bakwai, kana shirin komawa, muka tsaya a ƙofar gida. Ka ce, "Baffa, da dai an yi amfani da gadon nan," sai ka haɗiye sauran. Na ce Allah ya kiyaye hanya. A lokacin alkawarin ya riga ya sauka daga kaina, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na ga kamar in na ce ita ce ta ƙi, na ɗora laifi a kan wadda ƙasa ba ta gama bushewa a kanta ba don in wanke kaina. Daga nan ka ci gaba da yi min duk abin da ɗa ke yi wa uba. Ba abin da na rasa. Sai dai wayarmu ta gajarce, gaisuwa ce da amsa, kuma in ka zo Bauchi a gidan Maryam kake cin abinci. Ban riƙe ka ba. Amma na lura shiruna ba ita yake karewa ba, kai yake cuta, don ya bar ka kana zaton kyautarka ba ta kai gare ta ba. Ta kai. Ta yi barci a kai, barcin da ya fi kowanne daɗi a watannin nan, ta kuma yabe ka da bakinta, a inda ba za ka ji ba, yadda ta saba. Abin da ta zaɓa ta zaɓa ne da hankalinta, ni kuma na tsaya mata. In za ka yi fushi, yanzu ka san da wa za ka yi, kuma na san ba za ka iya ba.

Da aka raba kayanta kun yarda Maryam ta ɗauki gadon katakon, amma har yau yana ɗakin, don na ce a bar min shi tukuna. Yanzu na shirya a fitar da shi. Sai dai ba ya fita ta ƙofa sai an kwance shi, kuma tun da aka sa rodin ba ya kwantuwa da mutum ɗaya. In ana sassauta notin wannan gefe, dole wani ya riƙe na wancan, in ba haka ba rodin juyawa kawai zai yi ta yi. Maryam ta ce za ta turo mijinta, Malam Ɗanjuma ma ya ce in kira shi ko yaushe. Na ce musu a'a. Sulaiman, in ka samu hutu ka zo, ka riƙe min wancan gefen.